Wuyan Waziri da Cikin Sarki

A zamanin da, tun fatake na shekara a hanya kafin su ga gida, an yi wani sarki mai suna Barmo, adali mai son jama'a, wanda ciwon ciki ya sa a gaba. Ciki kullum a kumbure, ga gyatsa mai tsami, ga kasala. Masu magani sun jiƙa sun dafa, malamai sun yi rubutu, abu sai gaba yake yi.

To, ƙasar tana da wata al'ada. Kowane mai sarauta yakan aiko da akushi fada kullum, kuma duk wanda nasa ya koma ba a taɓa ba, ya san rawaninsa ya kusa sauka. Sarki ba ya son ɗaga hankalin kowa, sai ya riƙa ɗanɗana kowanne: nan tuwo da man shanu, can dambun nama, ga alkaki, ga fura. Da ya kwanta ciwo sai akusan suka ninka, don kowa so yake a ga ya fi kowa damuwa. Ko da azumi, sahur ɗin da ake ɗura masa yakan kai shi magariba a ƙoshe. Ni dai ban taɓa jin inda ƙauna ta yi wa mutum irin wannan ɓarna ba.

Waziri Tanimu, wanda suka tashi tare da Sarki tun ƙuruciya, ya ji labarin wani tsohon mai magani daga ƙasar Hindu, Gobinda, da ya sauka tare da fatake. Ya kawo shi fada. Tsohon ya riƙe hannun Sarki, ya duba harshensa ya ga ya yi fari fat, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu ana cewa akwai wuta a cikin mutum mai dafa abin da ya ci. Taka ta kusa mutuwa don an danne ta da itace. Maganinka a janye itacen. Ruwan ɗumi da citta, sai tsinkakken kunun shinkafa kaɗan, har wutar ta kama."

Galadima Mijinyawa ya miƙe. "Allah ya ba ka nasara, marar lafiya ci ake lallashinsa ya yi. Yau ga baƙo zai hana Zaki abinci, Waziri kuma ya ɗaure masa gindi. In wani abu ya faru, wa za mu kama?"

Waziri ya ce, "Ni. Na ba da wuyana."

Ya faɗa da ƙarfin hali.

Aka fara. Akusa suka riƙa komawa a cike, gari ya ɗauki raɗe-raɗi. Hakimai suka daina barci da ido biyu, Galadima yana bi gida-gida yana cewa Waziri gadon sarauta yake so. Sarki kuwa ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Kowace safiya Waziri ya tambayi Gobinda, amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri. Tsoro ya cika shi, har shi ma ya daina cin tuwon gidansa.

Ran nan da hantsi sai Sarki ya dafe ciki, gumi na keto masa. "Wani sabon ciwo ya taso mini. Kamar ana ƙwaƙular cikina, yana ƙugi, jikina na ɓari."

Galadima ya ce, "Guba ce, ranka ya daɗe. Mun faɗa tun farko."

Nan da nan dogarai suka tuɓe wa Waziri rawani, suka ɗaure shi, aka aika a kirawo Hauni mai sare kai. Waziri ya dubi Sarki, Sarki ya kau da kai. Wannan ya fi igiyar yi masa zafi.

Aka jawo Gobinda. Ya durƙusa ya ce, "A bar ni in ga harshen Sarki, sannan a sare mu tare." Ya duba, ya ga farin nan ya washe. "Ranka ya daɗe, da aka wuce da akushin Galadima ɗazu, ƙanshin ya tayar maka da zuciya kamar da?"

Sarki ya ce, "A'a. Yawuna ne ya tsinke."

Tsohon ya roƙi a kawo faten wake marar mai, ɗan kaɗan. Galadima ya ce a tuhumi faten ma, sai Sarki ya sa shi ya fara ci. Hauni yana tsaye a bakin ƙofa da takobi, fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ludayi. Sarki ya sha, ya ƙara, ya kankare ƙwaryar. Ɓarin ya tsaya.

Sarki ya ce, "Ciwon ya tafi. Mene ne sunansa?"

Gobinda ya ce, "Yunwa, ranka ya daɗe. Ita muke jira tun ranar farko."

Ba wanda ya yi dariya. Sarki ya yunƙura ya tashi ba tare da an kama shi ba, ya taka har inda Waziri yake. Ya ba da umarni a sallami tsohon da girma, a bar Galadima a gidansa sai an neme shi, kuma daga ranar komawar akushi ba ta sauke rawanin kowa. Sannan ya sunkuya yana kwance igiyar da hannunsa, hawaye na zubo masa.

"Tanimu, saura ƙiris in kashe ka saboda na warke. Ka yafe mini."

Waziri ya dube shi. Sai ya kama hannun Sarki ya riƙe, suka zauna nan ƙasa su biyu, har aka kira azahar.