Barka da Safiya, Tsohuwa Mai Mita

Akwai wani mutum da ake kira Injiniya, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyanci ba. Kwamfuta kawai ya iya, sunan kuma ya bi shi. Da zaɓen fid da gwani ya ƙarato, sai ya samu aiki a ofishin kamfen na wani tsohon hedimasta mai neman kujerar majalisa. Ofishin ɗaki biyu ne a saman kantin magani, fanka ɗaya, fastoci jibge har bakin taga.

Abokin karawar Hedimasta a cikin jam'iyyar wani mai gidan mai ne, kuma a wajensa yayar Injiniya take aiki. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aikinta shiga gida-gida, ta gaisa, ta ji koke, ta karɓi lambar waya. Shekara da shekaru tana wannan yawon har ƙafa ta fara ciwo. Mutane ba don Mai Gidan Mai suke ba da lambarsu ba, don ita suke bayarwa.

Jam'iyya ta tanadi rumbu guda a kwamfuta inda 'yan takara ke ajiye bayanan masu zaɓe, kowa da ɓangarensa a kulle. Wata rana aka yi gyara a rumbun, sai makullin ya saki. Injiniya ya buɗe nasu ɓangaren, sai ga na abokan hamayya a gabansa, wahalar yayarsa gaba ɗaya.

Ya kira daraktan kamfen ya nuna masa.

"Ranka ya daɗe, bari in kira sakatariyar jam'iyya in gaya musu ƙofa ta buɗe."

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

"Kai ka fasa ƙofar?"

"A'a."

"To kiran na mene ne? Tsuntsu daga sama gasasshe. Kwafe lambobin, gobe da safe ka tura musu saƙonmu."

"Aikin yayata ne fa."

"In mun faɗi, yayarka ce za ta ciyar maka da yara?"

Injiniya ya juya ga kwamfutar. Ya gaji da kamfen, ya gaji da gardama, ya gaji da ganin fuskar Hedimasta a kowane bango. Ya ce wa zuciyarsa ai ba sata ba ce, tsintuwa ce. Kun dai san yadda muke yi wa kanmu fatawa in abin ya zo daidai da son ranmu. Ya kwafe.

Na'urar tura saƙo tana ɗaukar sunan mutum daga layin farko na jerin lambobin ta liƙa a gaisuwa. Saboda sauri, Injiniya bai duba layin ba. Bai san cewa yayarsa ba ta rubuta sunan yanka a nan. Unguwa cike take da masu suna iri ɗaya, don haka kowa sai ta yi masa laƙabin da za ta gane shi, tana ganin ita kaɗai za ta karanta.

Da gari ya waye wayoyi suka fara ƙara.

"Barka da safiya, Tsohuwa Mai Mita. Hedimasta yana neman ƙuri'arku."

Tela ya samu nasa, an kira shi Sarkin Alkawari. Wani dattijo an ce masa Kunnen Ƙashi. Akwai Mai Karen Cizo, akwai Ba Ta Ba Da Ruwa. Kafin hantsi kowa ya san sunan maƙwabcinsa, ana dariya ana jin haushi.

Daga nan aka shiga nuna wa juna yatsa, irin wanda ba ya ƙarewa. Mutanen Mai Gidan Mai suka hau rediyo suna cewa an yi musu sata. Darakta ya hau nasa rediyon ya ce su ba ɓarayi ba ne, wata ce daga can ciki ta miƙo wa ƙanenta, kuma jama'a su dubi yadda wancan ɓangaren yake zagin masu zaɓe. Bai ambaci suna ba, ba ya ma buƙata.

A ranar Mai Gidan Mai ya sallami yayar Injiniya. Ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba. Gidajen da take shiga ba shamaki, yanzu tana gaisuwa ana amsawa ciki-ciki. Wasu na cewa mai zagi, wasu na cewa wadda ta sayar da su.

Darakta ya ja Injiniya gefe ya ce, "Ka ja bakinka ka yi shiru. Ƙura ce, za ta lafa."

Ya yi shirun. Yana zuwa aiki, yana dawowa. Yayarsa ba ta kira ba, shi ma bai iya kira ba.

Wata safiya yana ɗaura takalmi, matarsa ta miƙo masa ƙaramar waya. Tsohon layinsa ne a ciki, ya daɗe da bar mata.

"Baban yara, wannan tun ranar nan ya shigo. Na rasa yadda zan nuna maka."

Ya karɓa ya karanta.

"Barka da safiya, Ƙanena Mai Amana. Hedimasta yana neman ƙuri'arku."

Ashe shi ma yana cikin mutanenta. Ita da ta san aibin kowa a unguwa, abin da ta rubuta a kansa ke nan. Kuma shi da hannunsa ya turo wa kansa. Ya zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, kunya ta rufe shi.

Bai je ofis ba. Sakatariyar jam'iyya ya wuce, ya faɗa wa kwamitin bincike komai: makullin da ya saki, umarnin Darakta, da hannunsa da ya kwafe. Ya ce yayarsa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Aka kore shi daga aiki kafin ya dawo gida. Hedimasta ya ce bai ma san fuskarsa ba. Darakta kuwa ko gezau. Aka yi zaɓe, wanda ya ci ya ci, ba a jima ba aka ga 'yan takarar biyu a hoto sun rungume juna, Darakta a tsakiya yana murmushi.

Yayar an wanke ta daga zargin sayar da mutane, amma laƙabin nata ne, ba ta musa ba. Ta sake ɗaukar jakarta ta bi gida-gida, wannan karon neman gafara. Injiniya ya bi ta a baya. Ba ta ce ya zo ba, ba ta ce ya koma ba.

Tsohuwar nan ta saurare su daga bakin ƙofa ta ce, "Mita ina da ita, 'yar nan, ban musa ba. Amma lambata ke na ba, ba duniya ba."

Da rana ta take suka zauna a benci a gaban wani shago. Yayar ta cire takalmi tana murza ƙafa. Injiniya ya juyo ya dube ta.

"Yaya, na ga saƙon. Yanzu me kika sa mini a wayarki?"

Ta ciro wayar ta nuna masa. Kalma ɗaya ce: Ƙanena.

Ta ce, "Wannan ba ya gogewa. Sauran kuwa kai ka goge da hannunka, kai za ka mayar."

Ta mayar da takalminta ta miƙe. Akwai sauran gidaje.

Darasi: Ƙofa a buɗe ba izinin shiga ba ce, kuma abin da mutane suka ba ka don sun yarda da kai, amana ce, ko da lambar waya ce. Manya za su yi faɗansu su shirya, kai za a bari da kunyar ɗan'uwanka. Ku tura wa wanda kuka san kamfen ya ɗauke wa hankali, tun bai taɓa abin da ba nasa ba.