Hoton da Dakta Medhat Ya Ƙi Ɗauka

Akwai wata mata a garin Dumyat, Abla Samiha, shekararta ashirin da biyu tana tura na'urar ɗaukar hoton ƙashi a ɗakin tiyata na wani asibiti. Na'urar mai tayoyi ce, ana kai ta har bakin gado, likita yana aiki yana ganin ƙashin a allo nan take. Samiha ba ta da surutu, amma in ta kalli allon nan ba abin da ke wuce ta.

Likitan da take aiki da shi, Dakta Medhat, gwani ne, wannan ba gardama. Sai dai fa girman kai! Ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Wata Alhamis da hantsi aka shigo da Usta Gharib, kafinta mai sassaƙa furanni a jikin gadajen amare. Katako ne ya faɗo masa a hannun dama, ƙashin tafin hannu ya karye gida biyu, daidai gindin manuniya. An kashe masa hannun da allura tun daga kafaɗa, amma idonsa biyu, an dai tare fuskarsa da ƙyalle.

"Ya basha," in ji shi daga bayan ƙyallen, wato ranka ya daɗe, "zan sake riƙe ƙarfen sassaƙa kuwa?"

"Kai dai yi shiru ka ga aiki," in ji Dakta.

Ya ja yatsar, ya daidaita ƙashin, ya soka siririn ƙarfe don ya riƙe guntayen biyu. Samiha ta ɗauki hoto daga sama. Kai, sambal! Ƙarfen yana kwance tsakiyar ƙashin kamar an gwada da zare.

"Shi ke nan. A naɗe hannun, a kawo na gaba."

Samiha ta sake kallon allon. Hoto ɗaya? Ta san ƙarfe kan bi ta ƙarƙashin ƙashi, daga sama kuma ka rantse a ciki yake. Ta kuma san wanda ya taɓa yi wa Dakta gyara, a cikin satin aka canza masa wurin aiki. Tsoro ya kama ta sosai.

"Dakta, saura na gefe," ta ce a hankali.

"Abla, mutum shida ke jira na. Ke aikinki danna maɓalli."

"Haka ne. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Minti ɗaya kawai."

Ma'aikaciyar jinya ta sunkuyar da kai tana ta jera almakasan da ta riga ta jera.

"Yau kuma ke za ki koya mini tiyata?" in ji Dakta.

Sai muryar Usta Gharib ta fito daga bayan ƙyalle: "Ya basha, ka yi haƙuri da katsalandan. Ni ko ƙafar kujera na sassaƙa, ba na yarda da ita sai na juya ta na duba ta gefe. Balle hannun da 'ya'ya huɗu ke ci da shi. Don Allah a bar baiwar Allah ta ɗauka."

Dakta ya yi tsaki. "Ɗauka, mu huta da surutu."

Samiha ta juya bakin na'urar, ta taka maɓallin. Hoton ya fito.

Jama'a, ƙarfen bai ko taɓa guntu na biyu ba! Ta ƙarƙashi ya zame. Da an naɗe hannun haka, ƙashin zai haɗe a karkace, manuniya ta hau kan 'yar'uwarta, riƙo ya tafi ke nan.

Dakta Medhat ya daɗe yana kallon allon. Kunya ta rufe shi, ana ganin ta har a kunnuwansa. Ya zare ƙarfen ya sake sokawa. Da kansa ya ce, "Sama, Abla." Ta ɗauka. "Gefe." Ta ɗauka. Wannan karon ya zauna daram.

Da zai cire safar hannu ya tsaya, a gaban kowa ya ce, "Na yi kuskure. Daga yau ba a naɗe hannu a ɗakin nan sai Abla Samiha ta ce ta gamsu."

Bayan wata uku Usta Gharib ya dawo a duba shi karo na ƙarshe. Dakta ya miƙa masa hannu ya ce, "Matse mu gani."

Usta ya matse. Dakta ya yi ƙara, "Wayyo! Sake ni, kai wannan mutum, da shi nake aiki!"

"To ka ji yadda na ji ran nan, ya basha."

Samiha tana bakin ƙofa tana dariya, hawaye na zubo mata. Usta ya ɗaga hannun saitinta, ya dunƙule yatsun biyar tsaf, ya buɗe, ya sake dunƙulewa.

"Jiya na koma shago, Abla," ya ce. "Allah ya saka miki da alheri."

Darasi: Komai ƙwarewarka, kada ka raina gyaran wanda ke ƙasa da kai, wataƙila shi ke hango gefen da ba ka gani. Kai kuma da ka ga kuskure, faɗe shi cikin ladabi ko da muryarka na rawa, domin abincin wani na iya rataye a kan maganarka. Ku tura wa wasu su ma su amfana.