Motar da Aka Hana Tafiya

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda Allah ya sa wa gonarsa albarka a wata shekara. Da ya sayar da amfanin, sai ya tafi birni ya sayo mota 'yar Kwatano. Ta kwana biyu a duniya kam, amma tana da na'urar sanyi, wadda ake kira esi. Ran da ya tuƙo ta zuwa gida, sanyi ya ratsa shi har haƙoransa suna kaɗawa. Ya ce a ransa, "Ashe haka masu hali suke ji, suka yi shiru ba su faɗa mana ba!"

Sai dai hanyar ƙauyensu duk ramuka ce. Mutumin ya dubi hanyar, ya dubi motarsa, tausayinta ya kama shi. Ya ajiye ta a ƙofar gida, ya ƙudurta ba za ta ƙara shan wannan wahala ba. Kullum sai ya wanke ta, ya goge, ya ja da baya yana kallo. Duk wanda ya roƙi a rage masa hanya, amsa ɗaya ce: "Tana hutawa." Matarsa ma a bayan ɗan acaɓa take zuwa kasuwa.

Wata Lahadi cikin tsakiyar bazara, bayan an tashi daga sujada, ya riƙe hannun Baba Filibus, dattijon ikilisiya, ya ce, "Baba, zo ka ɗanɗani abin da Ubangiji ya yi mini."

Suka shiga motar a inda take, rana tana dukanta. Ya ta da inji, ya ɗage gilasai duka, ya kunna esi, ya jingina yana murmushi. Iska ta fara fitowa, ba zafi ba sanyi, kamar numfashin saniya. Suka jira. Gumi ya tsattsafo wa Baba Filibus a goshi, ya gangara ta gemu, ya jiƙa babbar rigarsa ta zuwa coci. Shi kuwa dattijo ne mai kawaici. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya ce a hankali, "Ɗana, sanyin yana tafe ne, ko ya riga ya wuce?"

Mutumin ya share fuska da hula. "Irin na Turawa ne, Baba. A hankali yake shiga jiki."

A ransa kuwa kunya ta ishe shi. Ya murɗa wannan, ya danna wancan, har ya ɗan daki gaban motar da tafin hannu. Babu labari.

Ana haka sai ga maƙwabcinsa Habila a guje, ko takalmi babu, yana ƙwanƙwasa gilashi. "Maigida, ka taimaka! Matata Damaris ce, naƙuda ta zo da gardama. Ungozoma ta ce a kai ta asibiti yanzu, ba za ta iya hawa babur ba."

Mutumin ya buɗe baki zai ce tana hutawa. Baba Filibus ya riga shi. "Mu je, ɗana. In ba don matar nan ba, to don ni. Ka kusa dafa dattijon ikilisiya a ranar Ubangiji."

Ba yadda zai yi. Aka shigo da Damaris baya, mijinta yana riƙe da ita. Mutumin ya ja mota, kowane rami ta faɗa sai ya ji kamar a ƙirjinsa. Amma da Damaris ta yi wata ƙara, sai ya manta da tayoyi, ya manta da fenti, ya taka mai. Suna hawa kwalta, mota ta miƙe, sai ga sanyi ya taso kamar an buɗe bakin randa. Kafin su yi nisa, Baba Filibus, da rigarsa jiƙe sharkaf, ya soma karkarwa yana atishawa.

"Baba, ka ji shi ko?" in ji mutumin, baki har kunne. "Na faɗa maka!"

Daga kujerar baya Damaris ta daka tsawa: "Ku kashe abin nan ku kai ni asibiti!"

Suka isa a kan lokaci. Kafin rana ta faɗi ta sauka lafiya, ita da 'yarta. Mutumin ya fito ya ga motarsa ta yi buɗu-buɗu, ga ƙarfen hayaƙi yana reto a ƙasa. Ya tsaya yana neman baƙin ciki a zuciyarsa, bai samu ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: tsohuwar mota in tana tsaye, injinta a hankali yake juyawa, iska kuma ba ta bugun gabanta, don haka sanyinta kaɗan ne. In ta kama hanya, sai sanyin ya cika ta. Motar nan ita ce baiwar da Allah ya danƙa maka, ko ƙarfi, ko sani, ko abin hannu. Sanyin kuwa shi ne salama da farin cikin da kake nema. Da yawa a cikinmu injinmu yana kunne, ba ma fashin sujada, muna waƙa, amma a tsaye muke. Sai mu yi ta gunaguni: wa'azi bai ratsa ni ba, 'yan kwaya sun ja waƙa, addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki. Muna ta danne-danne, alhali ba abin da ya lalace. Hanyar hidima tana da ramuka, ba zan ɓoye muku ba, za ku kuma dawo da ƙura. Amma a can Ubangiji yake sanyaya zuciya.

A makon nan wani zai ƙwanƙwasa maka gilashi. Kada ka ce tana hutawa. Ka sa giya, ɗan'uwa. Ta mota nake nufi.