Ɓarawon Littafin Farfesa

Farfesa Ɗanjuma ya shigo laburaren jami'a yana bugun ƙirji: "Littafin nan nawa, bango zuwa bango, daga kaina ya fito!"

Ya dubi Baba Ilu mai ɗinkin littattafai. "An ce wani ya kwafe min shi. Ka fito min da ɓarawon yau, ko ka bar aikin nan."

"Ranka ya daɗe, ni da bokona bai wuce firamare ba?"

"Ba ruwana!"

Ilu ya shiga ciki, ya ɗauko wani tsohon kundin digiri. Farfesa ya karanta shafi biyu, ya daka tsalle. "Kalma da kalma! An kama shi!"

Ɗalibai suka taru.

Ilu ya ce, "To, in rubutu biyu suka zo ɗaya, yaya ake gane ɓarawon?"

"Kai ma dai! Wanda ya zo daga baya mana."

"A ɗan ɗaga murya, yaran ba su ji ba."

"Wanda ya zo daga baya!"

Ilu ya buɗe shafin farko. "Na ɗalibarka Talatu ne, ya girmi naka da shekara huɗu. Ni na ɗinka shi. Ga ma sa hannunka nan."

Farfesa ya hau laluben tabarau a aljihu, alhali yana kan hancinsa.