Karen da Ya Tsaya a Bakin Ramin Gadu

Akwai wani manomi da ya dasa rogo a gindin dutse. Rogon ya yi kyau, sai gadu, wato aladen daji, ya gano gonar. Kullum manomin ya zo sai ya tarar an tone kunyoyi, an cinye saiwa. Abincin iyalinsa na shekara yana ƙarewa yana ji yana gani.

Sai ya tafi wurin wani tsohon maharbi ya ce, "Baba, ka cece ni."

Maharbin yana da kare irin na farautar gadu, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda tun kakanninsa aikinsu ke nan. Da sassafe suka fita. Karen ya sa hanci ƙasa, ya bi ta kan fako inda ido ba ya ganin sawu, ya haye rafi bai ɓace ba. Manomin na biye yana haki, mamaki ya cika shi.

Da rana ta take suka tayar da gadun, ƙato, haurensa kamar lauje. Ya ɗaga wutsiya ya zura, karen na binsa kamar kibiya. Saura ƙiris ya cafke shi, gadun ya faɗa sarƙaƙiya.

"Tsaya!" in ji maharbin, sau ɗaya.

Karen ya turje. Jikinsa na ɓari, yawu na zuba, amma ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Ran manomin ya ɓaci. "Haba, Baba! Ga shi a bakinsa ka hana shi?"

Tsohon ya ja shi suka hau dutse, ya nuna masa. Ashe rami ne a cikin sarƙaƙiyar. Gadun ya shiga da baya, ya saita haurensa waje yana jira.

"Da ya sa kai, da yanzu hanjinsa muke kwasa."

Suka tura hayaƙi, gadun ya fito, maharbin ya harbe shi daga sama. Da manomin ya waiwaya, ga karen tsaye inda aka tsayar da shi.

"Baba, shi fa bai ga ramin ba."

"Bai gani ba. Muryata ya sani."

Manomin ya daɗe yana kallon karen nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: maharbin Ubangiji ne, karen kuwa mu ne. Hancin nan baiwa ce da ya ba mu, amma baiwa ba ta hango rami. Wata rana za ka ga abin da ka daɗe kana bi, aiki ne, aure ne, ko ramuwa a kan wanda ya cuce ka, har ka miƙa hannu, sai ka ji ya ce ka tsaya. Ba zai faɗa maka dalili a lokacin ba. Jikinka zai yi ɓari, na kusa da kai za su ce ka yi wauta. Ka tsaya. Shi yana bisa, yana ganin abin da ke jiran ka.