Man Darbejiyar Hansai

Akwai wata mata a unguwar Tottenham ta Landan mai suna Hansai. Labarinta zan ba ku yau, kuma wallahi ina rubutawa raina na tafasa.

Hansai 'yar Funtuwa ce. Tun tana yarinya kakarta ta koya mata haɗa man darbejiya da man kaɗanya, a shafa wa mai ƙaiƙayi da bushewar fata. Da aure ya kawo ta Landan, ta tarar sanyi na tsattsaga fatar mutanenmu, sai ta fara haɗawa a kicin ɗinta tana sayarwa. Man yana aiki, amma sai an yi wata guda ana shafawa kafin a ga canji.

Mata suka fara ƙorafi. "Hajiya, babu mai saurin aiki?"

Sai Hansai ta shiga intanet ta yi order ɗin wani asid mai ɗaye fata da wani sinadari da ake kira retinol. Ta kuma samo kirim mai steroid ta bayan fage, irin wanda sai likita ya rubuta. Ta riƙa zubawa cikin man da cokalin shayi, da ka, babu awo. Rubutun jikin kwalba kuwa bai canza ba: "Darbejiya da kaɗanya zalla."

Kwana biyar fuska ta yi sumul. Ciniki ya buɗe har unguwar Croydon, can kudancin Landan.

Maƙwabciyarta Dinatu, 'yar Kafanchan, shekararta goma sha biyu tana aiki a kemis. Wata Asabar ta shigo gaisuwa, ta ga robobin sinadaran a kan tebur, ta ɗauki ɗaya ta karanta, ta dubi Hansai.

"Maman Muhsin, wannan kike zubawa a man?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan nawa? Asid ɗin nan da retinol ko babba ba a lafta masa su tare haka kawai. Darbejiyar ma tana da nata ƙarfin. Ban ce ba a haɗa ganye da maganin asibiti ba, ana yi. Amma da awo ake yi, a gwada, a rubuta wa mutane abin da ke ciki. In wata ta shafa wa yaro fa?"

Hansai ta fizge robar. "Ke takarda kika karanta, ni gado na yi. Tun ba a haifi malamanki ba kakata ke warkar da mutane. In hassada ce ki fito fili."

"Kakarki ba ta zuba wannan ba."

"Ga ƙofa can, Dinatu."

Bayan sati uku, wata Zarah, matar wani ɗalibi a unguwar Dagenham, ta zo saye. 'Yarta mai shekara biyu na fama da ƙaiƙayi a kumatu da wuya, tana sosawa har jini. Zarah ta tambaya, "Anti, zan iya shafa wa yarinya?"

"Ko jinjiri ne. Ai ganye ne kawai."

Da safe Zarah ta shafa mata. Kafin azahar fuskar yarinyar ta kumbura, ta saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, idanunta suka rufe.

A asibiti likita ta duba yarinyar, ta juya kwalbar, ta ce wannan ba aikin ganye kaɗai ba ne, tana bukatar sanin ainihin abin da ke ciki. Zarah ta kira Hansai.

"Anti, don girman Allah me kika sa a man nan? Ga likita tana jira."

"Na gaya miki darbejiya ce. Ƙila jikin 'yarki ne ba ya so."

"Anti, ji kukanta!" Zarah ta kara wayar a bakin yarinyar.

Hansai ta saurara. Sannan ta ce, "Sirrin sana'ata ne. Ba zan tona wa kaina asiri a gaban hukuma ba." Ta kashe wayar.

Jama'a, ku ji fa. Uwa ce ita ma. Ta ji kukan da kunnenta.

Zarah ta rasa yadda za ta yi, sai ta tura saƙon murya a group ɗin matan Arewa tana kuka, tana faɗin abin da man Hansai ya yi wa 'yarta. Dinatu na cikin group ɗin. Tana ji ta bar layin masu saye a kemis, ta kira Zarah, ta ce a miƙa wa likita wayar. Ta lissafa abubuwa ukun da ta gani da idonta. Nan take likita ta san inda za ta dosa.

Kwana huɗu yarinyar ta yi a asibiti. Ta warke, amma da tabo a kumatun hagu.

Asibiti suka kai rahoto. Jami'an council, wato ƙaramar hukuma, suka zo gidan Hansai suka kwashe komai, har tukunyar haɗin, magana ta tafi kotu. Matan da suka daɗe suna shafawa kuma, da suka daina, fuskokinsu suka feso da ƙuraje. Wayar da a da take ƙara don ciniki ta koma ta zagi.

Da ta ga duniya ta juya mata baya, Hansai ta ɗauki mijinta suka tafi Dagenham neman gafara. Zarah ta tsaya a bakin ƙofa, yarinyar a kafaɗarta.

"Anti, da a kuskuren haɗi kika tsaya, da na ce ƙaddara ce. Amma kin san abin da ke cin fuskarta, kin ji kukanta, kika kashe waya. Wannan kam ki je, ke da Allah."

Ta rufe ƙofa.

Darasi: Ganye magani ne, sinadari ma magani ne, amma haɗa su ba da ilimi ba ta'adi ne, ɓoye wa mutane abin da ka haɗa kuma zalunci ne. Mai ilimi in ya tsawatar maka, ba hassada yake yi ba. Kada ku shafa wa kanku ko 'ya'yanku abin da ba ku san me ke cikinsa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyaye mata.