Muryar da Ba a Ɗauka Ba

Akwai wani tela da ke waƙa tare da yayansa tun suna yara. Shagonsu ɗaya, kekunan ɗinkinsu na fuskantar juna. Ƙanen muryarsa siririya ce mai zaƙi, har masu kawo ɗinki suka laƙaba masa Sarewa. Yayan kuwa tasa mai kauri ce. Ba ya jan baiti, amshi kawai yake yi daga ƙasa, ƙafarsa na taka keke daidai da karin waƙar.

Wata rana wani mai situdiyo ya kawo ɗinki, ya ji su, ya ce su zo ya ɗauki waƙarsu.

Da aka sa musu abin kunne suka fara, Sarewa ya ji muryar yayansa kusa-kusa, da 'yar dishewa a ciki. Ya ɗaga hannu.

"Yaya, wannan gurnanin fa? Kamar an tada janareta."

Yayan ya yi dariya. "Janaretan nan shekara talatin yana ba ka wuta."

"Don Allah ka ɗan jira a waje, a ɗauki tawa tukuna."

Mai situdiyo ya ce, "Malam, tasa ce fa ke riƙe taka."

"Ni na san waƙata," in ji Sarewa.

Yayan ya cire abin kunnen, ya ajiye a hankali, ya fita.

Sarewa ya ja baiti shi kaɗai. Muryar ta hau sama, ta rasa inda za ta sauka. Ashe duk shekarun nan a kan sautin yayansa yake daidaita nasa bai sani ba. Sau tara ana maimaitawa. A ƙarshe mai situdiyo ya tura masa abin da ya samu a waya, ya ce, "Ku dawo tare."

Kunya ta hana shi ya nemi yayan. Kullum sai ya ce wa kansa mako mai zuwa. Yayan bai taɓa tada maganar ba, amma ya daina amshi a shago.

Dishewar nan ashe ciwon maƙogwaro ne. Wata huɗu bayan haka ya rasu.

Bayan an share makoki, 'yar marigayin ta zo shago.

"Baffa, an ce kun je an ɗauki waƙarku. Ka kunna mini, ina so in ji muryar Baba."

Ya miƙa mata wayar. Ta kara a kunne, ta saurara har ƙarshe. Sai ta sake kunnawa daga farko, tana zaton ita ce ba ta ji da kyau ba.

Darasi: Daɗin waƙa ba na murya ɗaya ba ne, haka ma zaman gida da wurin aiki. Wanda ke yi maka amshi daga ƙasa, sau da yawa shi ke riƙe da kai. Ka san darajarsa tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda bai makara ba.